Darasi na Tara: Haɗewar Kamfanoni, Gadin Kasuwar Kuɗi da Afuwar Shugaban Ƙasa

Waɗanda suka manyanta a cikinku ba sai an gaya musu mene ne Bank of the North ba. An kafa shi a zamanin Sardauna, gab da samun 'yancin kai, hedkwatarsa tana Kano, kuma shekara da shekaru ta hannunsa ma'aikatan gwamnati da yawa a Arewa suke karɓar albashi. Yau babu banki mai wannan suna. A farkon 2006 aka haɗa shi da wasu bankuna takwas aka samar da Unity Bank. A watan Maris na 2013 sunansa ya sake fitowa a labarai ta wata fuska dabam: tsohon manajan daraktansa, Shettima Bulama, wanda kotu ta taɓa samu da laifi kan kuɗin bankin, yana cikin mutanen da Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa afuwa.

Tarihin banki ɗaya ke nan, amma ya taɓo abubuwa uku da lauyoyi da 'yan kasuwa suke ta muhawara a kansu a yau: yadda kamfanoni ke haɗewa, yadda hukuma ke sa ido kan kasuwar kuɗi, da ikon da shugaba yake da shi na yafe wa wanda kotu ta hukunta. A ido, maganar manya ce. Amma mai 'yar ajiya a banki, da wanda ya gaji takardar hannun jari daga mahaifinsa, da ɗan fansho da ake juya kuɗinsa a kasuwa ba tare da ya sani ba, su ne a ƙarshe abin yake faɗa wa a ka. Shi ya sa darasin ya shigo wannan littafi.

Yadda kamfani ke haɗewa da wani

Kamfani mai rajista, a idon doka, mutum ne mai zaman kansa. Yana mallakar gida, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kuma kai ƙararsa. Masu shi su ne masu hannun jari, kowa gwargwadon abin da ya zuba. Daraktoci wakilai ne kawai da aka ɗora su gudanar da shi. Saboda haka idan aka ce kamfani biyu za su zama ɗaya, daraktoci suna iya ƙulla maganar, amma ba su ne masu yanke ta ba.

Dokar kamfanoni ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2020, ta shimfiɗa hanyar da ake bi. Ana fara zuwa Babbar Kotun Tarayya a nemi ta ba da umarnin kiran taron masu hannun jari na kowane kamfani dabam. Kafin taron ana aika wa kowa kundin shirin haɗewar, inda aka bayyana nawa aka kimanta kowane kamfani da abin da kowane mai hannun jari zai samu. A wurin taron ba a ƙidaya kawuna, darajar hannun jari ake ƙidayawa. Sai masu riƙe da kashi 75 cikin 100 na hannayen jarin da aka kaɗa ƙuri'a da su sun amince, sannan a koma kotu ta tabbatar. Da zarar ta tabbatar, shirin ya hau kan kowa, har wanda ya ƙi da wanda bai zo ba.

Ku lura da wannan da kyau: kashi 75 ɗin ana lissafa shi ne daga waɗanda suka halarta ko suka aiko wakili. Wanda ya zauna a gida ya ce "nawa bai taka kara ya karya ba" ya miƙa wuyansa ga wanda ya zo. Kuma ba dole ba ne mutum ya tashi daga Gusau ya tafi Legas. A cikin kundin akwai takardar wakilci da ake cikewa a sa hannu a mayar, a nuna ko an yarda ko ba a yarda ba.

Ga misali da ya faru. A ƙarshen 2018 Access Bank da Diamond Bank suka sanar da cewa za su haɗe, aka kammala a 2019. Sharaɗin shi ne: duk hannun jari 7 na Diamond za a musanya su da sababbin hannun jari 2 na Access, sannan a ba mutum Naira 1 a hannu kan kowane hannun jarin Diamond da yake da shi. Wato wadda take da hannun jari 7,000 na Diamond ta wayi gari da 2,000 na Access da kuma Naira 7,000 a asusunta. Mai ganin lamba kawai zai ce an cuce ta, 7,000 sun koma 2,000. Ba haka ake dubawa ba. Abin tambaya shi ne nawa ake sayar da hannun jari ɗaya na Access a kasuwa a lokacin, nawa kuma ake sayar da na Diamond. Wanda ya tara farashin 2,000 ɗin da Naira 7,000, ya kwatanta da abin da 7,000 ɗinta za su kawo da ta sayar a kasuwa, shi ne zai san ko ta ci riba ko ta faɗi. A wancan ciniki an kimanta hannun jarin Diamond ɗaya a kan Naira 3.13, alhali kafin sanarwar yana ƙasa da haka sosai a kasuwa.

Akwai wata hanyar dabam, inda wani attajiri ko kamfani zai yi ta sayen hannayen jarin wani kamfani har ya zama shi ne mai faɗa a ji. A nan doka ta sa shinge biyu. Na farko yana kare ƙananan masu hannun jari: wanda ya tara kashi 30 cikin 100 na kamfanin da ke hannun jama'a, dole ya yi wa sauran tayin sayen nasu, don kada su tsinci kansu a ƙarƙashin sabon ubangida ba tare da ƙofar fita ba. Na biyu kuwa mai saye yake karewa: idan masu kashi 90 cikin 100 sun karɓi tayinsa, yana iya tilasta wa ragowar su sayar a kan farashi ɗaya. Wanda bai yarda ba yana da damar garzayawa kotu, amma wa'adin gajere ne, kuma wanda bai karanta wasiƙarsa ba sai dai ya ji labari.

Masu cewa a yi ko a bari

A da, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ce take tantance kusan kowace haɗewa. Tun daga 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wannan aiki ya koma hannun hukumar FCCPC. Tambayarta ita ce: idan waɗannan biyu suka zama ɗaya, shin za su yi babakere a kasuwa har su riƙa tsawwala farashi yadda suka ga dama? Ba kowane ƙaramin ciniki take dubawa ba. Sai cinikin kamfanonin biyu a shekara ya kai Naira biliyan 1 idan an haɗa, ko na wanda za a saya ya kai Naira miliyan 500, sannan ya zama dole a sanar da ita kafin a aiwatar. Dokar ta kuma umarce ta ta duba abin da haɗewar za ta yi wa ayyukan yi, da ƙananan masana'antu, da wani yanki na ƙasa. Wannan na ƙarshe ya kamata mutanen Arewa su riƙe shi, domin sau da yawa idan an haɗe, rassan da ke nesa da Legas ake fara rufewa.

SEC ba ta fita gaba ɗaya ba. Idan kamfanin na hannun jama'a ne, ita ke duba ko an yi wa masu hannun jari adalci a tsakaninsu. Idan banki ne, dokar bankuna ta 2020 ta ɗora maganar a kan Babban Bankin Najeriya. Idan kamfanin waya ne akwai NCC, idan na haƙar mai ne akwai NUPRC.

Yawan masu sa hannu yana da amfaninsa, yana kuma da illarsa. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin Seplat ya sanar da cewa zai sayi wani reshen ExxonMobil a Najeriya kan dala biliyan 1.28. A watan Agusta fadar shugaban ƙasa ta ce Buhari ya amince a matsayinsa na ministan mai. NUPRC ta fito ta ce ita ba ta amince ba, cikin 'yan kwanaki fadar ta janye. Ba a kammala cinikin ba sai Disamba 2024. Kusan shekara uku ana jira, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ofisoshin gwamnati ɗaya sun kasa daidaitawa kan wane ne mai maganar ƙarshe. Wannan na daga cikin manyan matsalolin dokar haɗewa a yau.

Bankuna: haɗewar da ba ta son rai ba

Yawancin haɗewar bankunanmu ba soyayya ce ta kawo ta ba, umarni ne daga sama. Ranar 6 ga Yuli 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Waɗanda suka kasa samun kuɗi ko abokin haɗewa aka ƙwace lasisinsu. A wannan guguwar ce aka haifi Unity Bank. Matsalar ita ce, idan aka tara masu rauni wuri ɗaya ba lallai ƙarfi ya fito ba, bashin da kowa ya zo da shi yana nan. Unity Bank ya daɗe yana fama, har a watan Agusta na 2024 Babban Banki ya amince ya haɗe da Providus Bank, tare da tallafin Naira biliyan 700.

A watan Maris na 2024, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, aka sake ɗaga jarin: Naira biliyan 500 ga banki mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai aiki a faɗin Najeriya, biliyan 50 ga na yanki. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, aka yanka musu biliyan 20 idan na ƙasa ne, biliyan 10 idan na yanki ne. Wa'adin da aka ba su shi ne 31 ga Maris 2026, kuma hanya uku aka bari: a nemo sabon jari, ko a haɗe da wani, ko a sauka zuwa ƙaramin lasisi.

A nan akwai bambancin da mutane da yawa ba su sani ba sai ranar da abu ya ɓaci. Mai ajiya a banki dabam, mai hannun jari a banki dabam. Mai ajiya bashi yake bin bankin. Idan an haɗe, ajiyarsa ta koma sabon bankin ba tare da ta ragu da kwabo ba, haka ma wanda bankin yake bi bashi, bashin ya bi shi. Idan kuwa bankin ya durƙushe, kamar yadda aka ƙwace lasisin Heritage Bank ranar 3 ga Yuni 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana biyan kowane mai ajiya har Naira miliyan 5. Kafin watan Mayu na wannan shekarar, iyakar Naira 500,000 ce. Wanda ajiyarsa ta haura miliyan 5 sai ya jira a sayar da kadarorin bankin, a karɓo basussukansa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Mai hannun jari shi ne a ƙarshen layi. Sai an sallami masu ajiya da sauran masu bin bashi, idan wani abu ya rage, sannan a waiwaye shi. Galibi ba abin da ke ragewa.

Gadin kasuwa

A kasuwar hatsi ta Dawanau mai saye yana iya soka hannu cikin buhu ya ga abin da zai biya kuɗi a kansa. Mai sayen hannun jari ba shi da buhun da zai soka hannu. Abin da yake saye alkawari ne da lissafi a takarda, kuma wanda ya rubuta lissafin shi ne mai son ya sayar masa. Duk dokokin kasuwar hannayen jari daga wannan matsala suka taso. Shi ya sa aka wajabta wa kamfani ya buga asusunsa bayan masu binciken kuɗi na waje sun duba, ya kuma sanar da duk wani babban labari ga kowa a lokaci ɗaya. Shi ya sa dillali ba ya aiki sai da rajistar SEC. Akwai kuma kotu ta musamman mai sauraron rikicin zuba jari, don kada ƙarar mai hannun jari ta shekara goma a layin kotun yau da kullum.

Laifi biyu sun fi yawa a wannan fage. Ɗaya shi ne cin kasuwa da sirrin cikin gida. Darakta ko lauya ko akanta da ya san za a sanar da haɗewa mako mai zuwa, ya san farashi zai tashi, sai ya aika ƙaninsa ya saye hannayen jari a yau da araha. Wanda ya sayar masa bai san abin da ya sani ba, don haka cuta ce ko da ba a taɓa aljihun kowa da hannu ba. Ɗayan shi ne hura farashi da gangan. Mun ga irinsa kafin 2008, lokacin da wasu bankuna suka riƙa ba mutane rance don su sayi hannun jari, wani lokaci ma na bankin da ya ba da rancen. Farashi ya yi ta hawa, malaman makaranta da 'yan fansho suka shiga da abin da suka tara. Daga Maris 2008 kasuwa ta juya, cikin shekara ɗaya fiye da rabin darajarta ya narke.

Ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union. Aka zuba musu Naira biliyan 420, daga baya jimillar tallafin ta kai biliyan 620. A 2010 aka kafa AMCON ta saye munanan basussuka. Ecobank ya haɗiye Oceanic, Access ya haɗiye Intercontinental, FCMB ya ɗauki Finbank. A watan Oktoba na 2010 tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi, aka yanke mata wata shida, aka ƙwace kadarorin da aka kimanta kusan Naira biliyan 190. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Ƙananan masu hannun jari kuwa har yau wasunsu takarda kawai suke riƙe da ita.

Sabon ƙalubale ta waya yake shigowa. Harkar damfara ta MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. A Afrilu 2025 CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta ɓace da na jama'a, SEC kuma ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Dabarar ba ta canzawa: kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da sababbi suka ragu sai a rufe shafi. Sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta haramta wannan sana'a ƙarara, da tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 10, ko duka biyun. Ta kuma shigar da kadarorin intanet irin su kirifto ƙarƙashin kulawar SEC. Wani abin lura: takardar rajistar kamfani ta CAC da 'yan damfara suke nunawa ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Shaida ce kawai cewa kamfanin yana da suna a littafi.

Afuwa

A ce hukuma ta yi aikinta, EFCC ta kama, kotu ta ɗaure. Saura ƙofa ɗaya. Sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa iko huɗu a kan laifukan da dokar tarayya ta tanada: ya yafe gaba ɗaya ko bisa sharaɗi, ya jinkirta zartar da hukunci, ya musanya hukunci mai tsanani da mai sauƙi, ko ya ɗauke duka ko wani ɓangare na hukunci, har da tara da kadarar da gwamnati ta ƙwace. Sashe na 212 ya ba gwamna irin wannan iko a kan laifukan dokar jiha. Shugaban ƙasa yana yin haka ne bayan ya tuntuɓi Majalisar Magabata ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi shi kansa, da mataimakinsa, da tsofaffin shugabanni, da tsofaffin alƙalan alƙalai, da shugabannin majalisun tarayya biyu, da gwamnoni, da ministan shari'a. Tuntuɓa aka ce. Kundin bai tilasta masa ya bayyana wa jama'a dalilinsa ba.

Wannan iko yana da muhalli. Kotu tana iya kuskure. Fursuna yana iya tsufa ko ya kamu da cutar da gidan yari ba zai iya jinya ba. Wani lokaci ƙasa ce take neman sulhu da kanta: Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Yakubu Gowon, sannan a 1982 ya yafe wa Odumegwu Ojukwu ya dawo daga gudun hijira. A 1998 Janar Abdulsalami Abubakar ya yafe wa Olusegun Obasanjo. Da Olu Falae ya ƙalubalanci zaɓen Obasanjo na 1999 yana cewa wanda aka taɓa ɗaurewa bai cancanci takara ba, kotun ɗaukaka ƙara ta ce cikakkiyar afuwa tana wanke mutum daga laifin da duk abin da ya biyo bayansa. Wannan hukunci yana da nauyi ga darasinmu, domin doka tana hana wanda aka samu da laifin zamba zama daraktan kamfani na wani lokaci, tana kuma hana shi shugabancin banki. Idan afuwa tana goge laifi, tambayar da ke biye ita ce ko ta buɗe masa hanyar komawa kan kujerar da ya yi ɓarnar.

Inda ake samun hayaniya shi ne idan afuwar ta sauka kan manya da suka taɓa dukiyar jama'a. A jerin 2013 babban suna shi ne tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, wanda ya amsa laifi a 2007, kuma Jonathan ya taɓa zama mataimakinsa. Har ofishin jakadancin Amurka sai da ya nuna ɓacin ransa. A Afrilu 2022 Buhari ya yafe wa mutum 159, cikinsu har da tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba. An yi fiye da shekara goma ana shari'arsu kan sama da Naira biliyan 1 kowannensu, aka ɗaure su a 2018, hukuncin ya tsaya har Kotun Ƙoli. A Oktoba 2025 fadar Tinubu ta fitar da jerin mutum 175. Jama'a suka yi ca, domin akwai masu safarar miyagun ƙwayoyi da masu manyan laifuka a ciki, har aka koma aka tace jerin aka cire wasu.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, a Maris 2025, Shugaba Donald Trump ya yafe wa Trevor Milton, wanda ya kafa kamfanin motoci na Nikola, bayan kotu ta same shi da laifin yaudarar masu zuba jari ta yanke masa shekara huɗu. Masu gabatar da ƙara suna neman kotu ta sa ya biya waɗanda suka yi asara ɗaruruwan miliyoyin dala, afuwar ta zo ta datse wannan hanya. A Oktoba na shekarar ya kuma yafe wa Changpeng Zhao na kasuwar kirifto ta Binance.

Me afuwa ba ta iya yi? Ba ta goge bashin da ke tsakanin mutum da mutum. Shugaba yana yafe abin da yake na hukuma: ɗauri, tara, ƙwace. Wanda aka cuta yana iya shigar da ƙarar neman diyya da kansa, afuwa ba ta rufe wannan ƙofa ba. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamai sun daɗe da rarrabe abin da shugaba yake da ikon sassautawa da haƙƙin bawa, wanda mai shi kaɗai ke yafewa. Sai dai a aikace, tsohuwar malamar firamare da ta rasa Naira 300,000 ba ta da kuɗin lauyan da zai ja da tsohon shugaban banki. Shari'ar da gwamnati ta shigar ita ce kawai begenta.

Ra'ayin marubucin wannan littafi shi ne, laifin kuɗi ya bambanta da laifin zafin zuciya. Mai zamba a ofis yana zaune ne da lissafi: nawa zan samu, mene ne yiwuwar a kama ni, shekara nawa zan yi. Duk afuwar da aka yi wa irinsa tana shiga lissafin na bayansa. Ba a ce a soke ikon ba. Amma ya kamata doka ta wajabta a buga suna da laifi da dalilin afuwa, a saurari waɗanda aka cuta kafin a yanke, kuma kada a yafe wa mai laifin kuɗi sai ya mayar da abin da ya ci. Kuna iya saɓa wa wannan ra'ayi, ku zo da hujjarku aji.

Aiki

1. Wani manomi yana da hannun jari 21,000 na Diamond Bank. Hannun jarin Access nawa ya samu, kuma Naira nawa aka ba shi a hannu?

2. Hajiya tana da ajiyar Naira miliyan 8 a bankin da aka ƙwace lasisinsa, ƙaninta kuma yana da hannun jari a bankin. Bayyana abin da kowannensu zai samu, da wanda za a fara biya.

3. Ku rabu gida biyu. Ɗaya ya kare afuwar da aka yi wa Dariye da Nyame, ɗaya ya soke ta. Kowane ɓangare ya ambaci sashen kundin tsarin mulki da ya dogara da shi.

4. Wani ya turo muku saƙo a WhatsApp cewa kamfaninsa yana ba da ribar kashi 40 cikin 100 kowane wata, ya haɗo da hoton takardar CAC. Rubuta tambayoyi uku da za ku yi masa.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya bincika gida. Idan akwai tsohuwar takardar hannun jari ta banki ko kamfanin da ya canza suna, taku ko ta mamaci, kada a jefar. Ribar da ba a karɓa ba tana nan ana iya nema ta hannun kamfanin da ke riƙe da rajistar masu hannun jari, kuma SEC tana da shafin intanet da ake duba suna. Ku zo da takardar, da lambar BVN, da takardun kotu na gado idan mai ita ya rasu, mu cike fom ɗin tare a aji.